Na'ura ta gyara maka Turancin, to wa zai amsa in an tsare ka da tambaya?

Tun da manhajojin nan na gyaran rubutu suka shigo gari mutanenmu suka rabu gida biyu, kuma ni dai gaskiya duk ɓangarorin biyu haushi suke ba ni. Akwai masu cewa shi kenan ilimi ya mutu, yara sun daina tunani, a hana kawai kowa ya huta. Akwai kuma 'yan gani-kashe-ni, waɗanda ko barka da Juma'a za su tura sai sun bi da ita ta ChatGPT, manhajar da ke tsara wa mutum rubutu, tukunna, in ka yi magana su ce kai mutumin da ne duniya ta wuce ka. Abin da nake gani shi ne ana cakuɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, gyara daban, sauya wa rubutu kama daban, kuma muddin ba a raba su ba haka za mu yi ta musu a majalisa har a kira magariba ba wanda ya gamsar da wani.

Bari in fara da abin da masu cewa a hana ba sa son ji. Rubuta wa wani takarda ba yau aka fara shi a Kano ba. Duk wanda ya san bakin kotu ko bakin gidan waya a shekarun baya ya san malaman nan masu ɗan tebur da tafireta, ka zo ka zauna a benci ka zayyana masa damuwarka da Hausa, shi kuma ya zuba maka ita da Turanci, ka biya ka dangwala hannu ka kama gabanka. Da kwamfuta ta zo sai aikin ya koma bizines senta, je ka kowace babbar makaranta a garin nan za ka tarar da layin shaguna masu buga takardu da fotokwafi, kuma yaran da ke zaune gaban kwamfutocin nan ai ba bugawa kawai suke ba, in sun ga ka yi ɓaranɓarama a jimla gyara maka suke ba tare da sun ma faɗa maka ba. Ban taɓa jin an kira wanda ya je wajen mai tafireta ɓarawo ba. Maganar tasa ce, damuwar tasa ce, harshen ne kawai aka ara masa.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, Turanci a ƙasar nan ƙofa ce mai kwaɗo. Ba ka da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO to jami'a sai dai ka hango ta daga titi, a JAMB ma cikin darussa huɗun nan Turanci dole ne ko me za ka karanta. Yaron da ya tashi a Fagge ko Gwammaja ko Dorayi, gida Hausa, makarantar allo Hausa, Islamiyya Hausa da Larabci, wajen ƙwallo Hausa, sai a ce ya yi gogayya da yaron da tun yana rarrafe da Turanci ake masa wasa, sannan a auna hankalinsu da ma'auni ɗaya. Sau nawa ka ga mutum mai kaifin basira, wanda in ya buɗe baki da Hausa sai kowa ya yi shiru, amma takardarsa ta neman aiki ta tafi kwandon shara saboda layin farko akwai kuskure uku. In akwai abin da zai cire masa kurakuran nan uku a kyauta daga wayarsa, wallahi ban ga dalilin da zan yi baƙin ciki ba. Grammarly ɗin nan, manhajar gyaran Turanci da ake ta magana ma, a 2009 wasu 'yan Yukren ne suka kafa ta, mutanen da su ma ba da Turanci aka yi musu wasan jarirai ba, ka ga ciwon da ke damunmu su ma sun san shi.

Shiga Kantin Kwari ka ga yadda 'yan kasuwa ke aiki da abin. Alhaji yana da kamfanin da yake hulɗa da su a Chaina ko Dubai, da can sai ya jira yaron shago mai difloma ya dawo daga aike kafin a amsa saƙo, kuma duk sirrin cinikinsa yaron ya sani, farashin da aka ba shi da bashin da ake bin sa. Yanzu ya harhaɗa ɗan Turancinsa ya zuba a waya, ta daidaita masa, ya tura. Ko matar da mijinta ya rasu tana bin haƙƙinsa a ma'aikata, an ce ta kawo takarda a rubuce, da sai ta aika a kira ɗan maƙwabta ta zauna tana tona masa asirin gidanta. Wannan amfani ne na gaske, kuma wanda bai taɓa tsayawa gaban teburin sakatare ana duba takardarsa ana yatsina fuska ba, ba zai gane girmansa ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana wajen maɓallin sauya wa rubutu kama, wanda ake zuba masa sakin layi ya fito da shi da wasu kalmomin daban. QuillBot, wadda ta fito a 2017, da wannan ta yi suna, yanzu kuma kusan kowace manhaja tana yi. In rubutunka ne ka zuba don ka ga ko akwai hanyar da ta fi sauƙin faɗa, ba laifi. Amma mu da muke cikin gari mun san abin da ake yi da shi. A nemo aikin wani a intanet, a kwafo, a zuba, a danna, a kwashe a liƙa a babi na biyu, a koma a ɗebo na gaba, har a gama furojet mai shafi sittin mutum bai karanta shafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Kamar ka ɗauke rigar mutum a kan igiyar shanya ne ka kai marinar Ƙofar Mata a rine maka ita, launi ya sauya ƙwarai, ko mai rigar ya gan ka da ita a masallaci ba lallai ya gane ba, amma ba kai ka saya ba kuma ba kai ka ɗinka ba.

Sai dai fa ina jin kunya in na ji wasu malaman manyan makarantu suna magana kamar kafin ƙarshen Nuwamban 2022 da ChatGPT ya fito, ɗalibanmu duk a laburare suke kwana. Haba malam. Sayar da furojet sana'a ce da ta girmi wayar Android. A ɗauko na wanda ya gama shekaru biyar da suka wuce, a sauya suna da lambar rajista, a sauya sunan ƙaramar hukumar da aka ce an yi binciken a cikinta, daga Dala a mayar da ita Kumbotso, alƙaluman ko taɓa su ba a yi, a yi bayindin mai kyau a kai, sufabaiza ya duba ko an bar tazarar gefe daidai ya sa hannu. Kowa ya san wannan. Abin da na'ura ta yi kawai shi ne ta karya farashin, abin da da sai mai kuɗi yanzu mai datar ɗari biyar ma zai yi. In za a yi fushi a yi fushi da tsarin da ya mayar da bincike tarin takarda da ba mai karantawa, don ɗalibi ba wawa ba ne, in ya san ba za a karanta ba me zai sa ya kashe wata uku yana rubutawa.

Maganin da ake ta kawowa kuma ya fi cutar ban tsoro. Wai a sayo manhajar da za ta gano rubutun na'ura. Turnitin, manhajar da makarantu ke gano satar rubutu da ita, ta ƙara irin wannan a cikin kayanta a Afrilun 2023. To amma su kansu OpenAI, masu ChatGPT ɗin, sun fito da tasu manhajar ganowa a farkon 2023, zuwa watan Yuli suka janye ta da kansu saboda ba ta cika dacewa ba. Masu abin ma sun kasa gane abinsu. A shekarar dai wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗauki rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL da mutane suka yi da hannunsu, mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne a wajensu, suka bi da su ta irin waɗannan manhajoji, fiye da rabi aka ce wai na'ura ce ta rubuta, alhali rubutun yaran Amurka kusan duk ya wuce lafiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, mai koyon harshe kalmominsa 'yan kaɗan ne, jimlolinsa a miƙe suke, yana bin hanyar da aka koya masa a aji, manhajar kuma abin da take nema kenan, rubutun da za a iya hasashen kalmarsa ta gaba. Ma'ana yarinyar da ta zauna a ɗakinsu a Ƙofar Nassarawa da fitilar waya ta rubuta asayimen ɗinta da ɗan Turancinta mai sauƙi, ita ce ta fi kusa da a kira ta maƙaryaciya. Shi kuma gogan da ya san gari, na'ura ta rubuta masa, ya sake zubawa a wata manhajar da aikinta shi ne ta sa rubutun na'ura ya yi kama da na mutum, ya wuce sumul. Na'ura ta rubuta, na'ura ta ɓoye, na'ura ta bincika, a ba da maki, a duk tafiyar nan ba ɗan Adam ɗaya da ya karanta abin.

Ni inda abin ya fara damuna da gaske ba a jami'a ba ne ma. Ina cikin masu tantance malamai a wata 'yar makarantar kuɗi a unguwarmu, kuma a 'yan shekarun nan takardun neman aiki sun yi kyau fiye da kima. Da can kana ɗaukar takarda ka san da wa kake magana, wannan ya iya amma yana da gaggawa, wannan bai iya ba amma ya yi ƙoƙari, wannan kuma wani ne ya rubuta masa. Yanzu duk murya ɗaya ce, kowa yana da matuƙar sha'awar gina al'umma, kowa ya ƙware a hanyoyin koyarwa na zamani masu sa ɗalibi a tsakiya. Wani matashi ya zo, takardarsa kamar a sa ta a firem. Na ɗora yatsa a kan jimla ɗaya na ce ɗan'uwa wannan hanyar koyarwar da ka ce ka ƙware a kai, ɗan yi mana bayaninta, da Hausa ma ba komai. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya sake kallon takardar kamar yau ya fara ganinta, ya ce ranka ya daɗe wato dai koyarwa ce ta zamani. Abin takaicin da muka ba shi alli muka ce ya koya mana raba lamba kamar mu 'yan aji huɗu ne, yaron nan ya iya, ya iya sosai, da misalin rabon gyaɗa ya yi kuma har shugaban makarantar sai da ya yi murmushi. Da ya rubuta mana layi biyar da Turancinsa na gaskiya ya ce na iya koyar da lissafi ga ƙananan yara, ku gwada ni, da ya fi masa. Manhajar ba ta ƙara masa komai ba, ta dai sa masa maganar da ba zai iya karewa ba a baki, ta kusa sa a ɗauke shi mayaudari.

Wannan shi ne ma'aunina, kuma ba sabo ba ne, mai tafireta na kirki ma kafin ka dangwala hannu sai ya karanta maka ya fassara maka abin da ya rubuta. Duk jimlar da in aka tsare ka aka ce me kake nufi ba za ka iya faɗa da bakinka ba, ba taka ba ce, goge ta. Don ita manhajar ba ta san abin da ke ranka ba, hasashe take. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, shi ya sa abin da take fitarwa yake da santsi, kuma shi ya sa take iya sauya maka ma'ana cikin ladabi ba ka lura ba. Ɗauki ɗan kasuwar da ya rubuta da gurguwar Turancinsa cewa in kaya sun iso kafin Sallah zai yi ƙoƙari ya cika ragowar kuɗin, a gyare-gyaren sai sharaɗin ya narke, ƙoƙarin ya zama alkawari, saƙon ya koma ina tabbatar muku zan biya kafin Sallah. Ya duba ya ga Turanci ya yi kyau ya tura. Ranar da rigima ta tashi saƙon za a buɗe, kuma ba wanda zai kira manhaja ta zo ta yi rantsuwa. A Amurka ma a 2023 wasu lauyoyi a birnin Niyok sun shigar da takarda kotu ɗauke da shari'o'in baya da ChatGPT ya ƙago musu, shari'o'in da ba a taɓa yi ba, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi fa, kuma Turanci harshensu ne.

Ta ɓangaren Hausa kuwa abin sai dai a yi dariya kar a yi kuka. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa, a 2024 kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a Najeriya, shi kenan kowa ya samu marubuci a aljihu. Matsalar, rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in aka kwatanta da na Turanci, kuma da yawansa labaran rediyo da jarida ne da aka fassaro, to na'urar da wannan ta koya. Shi ya sa Hausarta take fitowa kamar mai karanta labaran duniya, ko kuma Turanci ne tsirara aka sa masa hula. An yi rasuwa a danginmu, wata dattijuwa, sai ga wani ya turo ta'aziyya a guruf mai sakin layi uku har da furanni, wai tunaninmu da addu'o'inmu suna tare da ku a wannan lokaci mai wahala, a ƙasa kuma Allah ya jiƙansa. Jiƙansa fa, tsohuwa mai jikoki. Saboda na'ura ba ta san mace ce ko namiji ba, shi kuma bai tsaya ya karanta ba. Haka za ka ga an tura wa Hajiya saƙo ana ce mata ka, ko a ce wa surukin mutum kai a inda ko yaron goye ya san ku ake cewa. Mu da muke da Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashi, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, maganar da kowa ya haddace tun yana yaro kuma ta ishi kowa, me ya kai mu aron ta'aziyyar wasu. A nan kam ba ni da wani uzuri da zan ba kowa, don ba a ce harshen ne ya gagare ka ba. Lalaci ne kawai da son a ce ka iya tsara zance.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne irin wannan Hausar tana taruwa. Shafukan labarai na Facebook masu neman mabiya suna zuba ta dare da rana, yara suna karantawa suna ɗauka haka ake rubutu, na'urorin gobe kuma daga ita za su koya. Ba hana amfani da manhaja ne zai gyara wannan ba, sai dai waɗanda suka iya Hausa su yi ta rubutawa da hannunsu suna sawa a inda za a gani.

Akwai maganar kuɗi da ta sirri ma, a taƙaice. Na kyauta yana da iyaka, mai kyan kuma na biya ne, ChatGPT Plus na biya dala 20 ne a wata, in an ɗauki dala a naira 1,500 ka ga 30,000 kenan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000 tun 2024. Don haka masu cewa abin ya daidaita talaka da mai kuɗi su ɗan rage murya. Su kuma ma'aikatan ofis da ke kwafar takardar gwamnati ko bayanan marasa lafiya ko sunayen masu bashi su zuba a manhaja don a gyara musu Turanci, su sani takardar ta bar ofis ta tafi kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Samsung ma a 2023 sai da suka taka wa ma'aikatansu burki kan haka bayan wasu sun zuba bayanan kamfani, kuma mu ma muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Ni da za a ji tawa, makarantu su daina ɓata kuɗi a kan manhajar kama ɓarawo. A ce wa ɗalibi ka yi amfani da abin da kake so wajen gyaran nahawu, ka rubuta a shafin farko cewa ka yi, ba laifi ba ne. Sannan a zaunar da shi minti goma, a buɗe aikin a tsakiya ba a farko ba, a ɗora yatsa a ce wannan fa, daga ina ka samo, me yake nufi, in Turancin ya sarƙe masa a bar shi ya yi da Hausa tunda fahimta ake nema. Wanda ya yi aikinsa ko da manhaja ta goge masa shi tas zai amsa, wanda ya rina na wani a tambaya ta biyu zai fara share gumi. Wani abokina lakcara da na faɗa masa haka dariya ya yi, ya ce malam kana magana kamar ɗalibai ashirin gare ni, zo ka ga ajin da nake shiga, wasu a taga suke tsayawa, minti goma-goma sai in kai azumi ban gama ba. Gaskiyarsa ne, kuma wannan ba manhaja ce ta jawo shi ba, ƙarancin malamai ne da cunkoson da aka daɗe ana kuka da shi. Na ce masa to ko ba duka ba, ya riƙa zaɓo goma a kowane asayimen ba tare da sun san su wa za a kira ba, sauran ma za su shiga taitayinsu. Ya ce zai gwada a zangon da ke tafe in ba a tafi yajin aiki ba.